Kwarjini da Kuɗin Shiga: Yadda Talakan Turai Ya Samu Ganin Zane

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 17, mafi yawan zane-zane da mutum-mutumin da ƙasashen Turai ke taƙama da su a yau suna ajiye ne a wurare iri biyu, wato coci-coci da fadojin masu mulki, kuma kowane wuri yana da nasa sharaɗin shiga. Ƙofar coci a buɗe take ga kowa, sai dai wanda ya shiga ibada ce ta kawo shi, saboda haka zanen da ke gabansa wani ɓangare ne na addu'arsa, ba abin da zai tsaya yana auna gwanintar wanda ya yi shi ba. A shekarar 1311, da mai zane Duccio ya kammala babban allon zanen da aka ba shi kwangila domin babbar cocin birnin Siena na Italiya, an rufe shaguna, aka ɗauko allon daga wurin aikinsa aka raka shi da jerin gwano da kyandirori da kaɗa ƙararrawa, mutanen gari kaf suka gan shi ba tare da an karɓi ko sisin kwabo ba. Fada kuwa ba ta shiguwa sai da takardar gabatarwa daga hannun wani babba, da tufafin da ba za su kunyata mai gida ba, da ɗan abin da za a danƙa wa baran da ke riƙe da makullai. Tafiyar da aka yi daga wannan hali zuwa gidajen zane na gwamnati, waɗanda ko wane ne zai iya shiga, ta ɗauki kusan shekara 200, kuma ta gudana tare da wata muhawara ta masana falsafa wadda a zahiri ba ruwanta da ƙofa ko tikiti, amma ita ce ta ba masu son buɗewa da masu son rufewa hujjojinsu.

Muhawarar a kan kwarjini ce, wato yanayin da ke kama mutum idan ya tsaya gaban abin da ya fi ƙarfin idonsa da hankalinsa, tsoro da sha'awa suka haɗu a zuciyarsa har ya kasa kau da kai, kamar wanda ke tsaye a bakin zaure yana kallon baƙin hadari na tasowa daga gabas. Masanan Turai sun bambanta wannan da kyau, domin a wurinsu abu mai kyau kwantar da rai yake yi, mai kwarjini kuwa girgiza shi yake. Tushen maganar wani ɗan littafi ne na Girkanci kan fasahar magana, wanda galibin masana ke ganin an rubuta shi a ƙarni na 1 na miladiyya, ana kuma jingina shi ga wani mai suna Longinus. An fara buga shi a birnin Basel a 1554, amma bai yi tashe ba sai da Nicolas Boileau ya fassara shi zuwa Faransanci a 1674. Marubucin kalmomi ne damuwarsa, misalansa daga Homer da Demosthenes suke, har ma da farkon Attaura inda aka ba da labarin halittar haske, sai dai ya faɗi abubuwa biyu da suka yi nisan zango fiye da darasin balaga. Ya ce an halicci ɗan Adam da son abin da ya fi shi girma, shi ya sa ƙaramar ƙorama, komai garai ɗin ruwanta, ba ta ba shi mamaki kamar kogin Nilu ko teku ko aman wutar dutsen Etna. Ya kuma ce alamar kwarjini na gaskiya ita ce ya kama mutanen da suka bambanta a sana'a da shekaru da harshe, duk su yi ittifaƙi a kansa. Duk wanda ya yarda da wannan, da wuya ya iya cewa malamai da masu dukiya kaɗai ke da rabo a ciki.

Turawan Ingila ne suka ɗauke maganar daga shafin littafi suka kai ta kan duwatsu. A wancan zamani al'ada ce ga ɗan babban gida ya yi doguwar tafiya zuwa Italiya domin kammala tarbiyyarsa, kuma hanyar takan bi ta tsaunukan Alps, waɗanda matafiyan da suka gabata ke ɗauka a matsayin wahala kawai. John Dennis, wanda ya ƙetare su a 1688, ya rubuta cewa abin da ya ji a bakin ramukan nan firgici ne haɗe da daɗi, sannan a 1712 Joseph Addison ya shimfiɗa irin wannan tunani a jaridar Spectator, wadda ake karantawa a gidajen shan kofi na Landan. Amma tafiyar takan ci shekara ɗaya ko biyu ko fiye, da malamin rakiya da barori da kuɗin keken doki, don haka kwarjinin da aka ce na kowa ne ya fara rayuwarsa a matsayin kayan masu hali.

Wanda ya tsara maganar ta zama ilimi mai babi-babi shi ne Edmund Burke, haifaffen Dublin, wanda ya buga bincikensa kan asalin kwarjini da kyau a 1757 tun bai cika shekara 30 ba. A ganinsa tushen kwarjini tsoro ne, da sharaɗin haɗarin yana nesa kaɗan ta yadda ba zai taɓa mai kallo ba, kuma abubuwan da ke haifar da shi su ne duhu da faɗi da ƙarfi da shiru da rashin iyaka, alhali kyau yana tattare da ƙanƙanta da santsi da laushi. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan tarihi shi ne inda Burke ya ajiye al'amarin, domin ya ajiye shi a cikin jiki ne, a jijiyoyin da ke ɗaurewa da idon da ke wahala wajen bin abin da ya fi shi faɗi, kuma jijiya da ido iri ɗaya ne ga sarki da bara. Ya ma ƙara da cewa rashin sanin abu ne ke sa a yi mamakinsa, sabo da sani kuwa rage mamakin suke yi. Bai yi wa 'yan kallo zaton alheri fiye da kima ba: ya ce a shirya wasan kwaikwayo mafi ban tausayi da gwanayen 'yan wasa, sannan a sanar cewa ana shirin kashe wani babban mai laifi a dandalin da ke kusa, nan take za a ga gidan wasan ya zama wayam. Wani abin lura kuma, Burke bai ɗauki zane a bakin komai ba a wannan fage, domin yana ganin zane yana bayyana abu ƙarara, kwarjini kuwa duhu yake so, har ya ce hotunan wutar Jahannama da ya gani dariya suka fi ba shi. Masu zane sun shafe shekara ɗari bayan haka suna ƙoƙarin ƙaryata shi.

A daidai wannan lokaci ƙofofi sun fara buɗewa, amma da ƙyar. Gidan Ashmolean na Oxford, wanda aka buɗe a 1683, yana karɓar duk wanda ya biya, abin da ya ɓata wa wani malami Bajamushe mai suna Zacharias Conrad von Uffenbach rai a 1710, lokacin da ya tarar da ƙauyawa sun cika ɗakin suna taɓa komai, har ya koka cewa mata ma ana barinsu su shiga a kan sisi. A Rum an buɗe gidan Capitoline a 1734, a Florence an buɗe Uffizi a 1769, a Viyana kuma an shirya zane-zanen gidan sarauta a fadar Belvedere aka buɗe a 1781. Gidan Tarihi na Birtaniya ya fi su nuna yadda ake ba da abu da hannun dama a riƙe shi da hagu. Majalisar Dokoki ta kafa shi a 1753 bayan ta sayi kayan likita Hans Sloane, guda kusan 71,000, a kan fam 20,000, aka buɗe shi ranar 15 ga Janairun 1759, kuma doka ta ce shiga kyauta ne. Sai dai mai son shiga zai je wurin mai gadi ya rubuta sunansa da matsayinsa da inda yake zaune, ya koma gida ya jira a amince, ya dawo ya karɓi tikiti, sannan ya sake dawowa a ranar da aka sa masa, inda za a haɗa shi da wasu 'yan kaɗan a ba su jagora ya kora su daga ɗaki zuwa ɗaki. William Hutton, wani mai sayar da littattafai daga Birmingham da ya je a 1784, ya ce cikin minti 30 aka gama da su, ya fito bai ƙaru da komai ba. Leburan da ke aiki daga safe zuwa magariba kwana shida a mako ba shi da ranakun da zai ɓatar a wannan zirga-zirga, kuma masu tsara dokar sun san haka. Sai a 1810 aka soke tsarin tikitin.

Baje kolin sababbin zane-zane ya fi tsofaffin taskoki jan jama'a. A Faris, daga 1737, makarantar masu zane ta sarki takan baje ayyukan 'ya'yanta a wani zaure na fadar Louvre, shiga kyauta, zane-zane sun rufe bango daga ƙasa har rufi, kuma masu sharhi na zamanin sun bayyana yadda mai sayar da kifi ke gogayya da matar basarake cikin zafi da ƙura da hayaniya. A can ne sharhin zane ya zama sana'a, Denis Diderot ya yi ta rubuta nasa daga 1759 zuwa 1781. Landan ta gwada irin wannan a 1760, aka bar ƙofa kyauta aka sayar da takardar jerin zane-zanen a kan sisi, jama'a suka yi cincirindo har aka fasa tagogi. Masu zanen ba su ɓata lokaci ba wajen neman magani, kuma maganin shi ne sule guda, wato irin kuɗin da aka yi amfani da shi a Nijeriya har zuwa 1973. Da Makarantar Zane ta Sarki ta yi baje kolinta na farko a 1769, ta bayyana ƙarara a takardarta cewa ba ta sami wata dabarar hana mutanen da ba su dace ba cika ɗakin ba sai karɓar kuɗi. Sule a lokacin ya kai kusan rabin abin da leburan gini ke samu a yini a Landan, don haka ya yi aikin da ake so ba tare da an kori kowa da baki ba.

Hujjar falsafa ga irin wannan tankaɗe ta fito daga Königsberg, garin da Immanuel Kant ya yi kusan dukan rayuwarsa ba tare da ya taɓa ganin tsaunukan Alps ba. A littafinsa na 1790 kan ƙarfin hukunci, Kant ya kasa kwarjini gida biyu, na girma wanda ido ba ya iya tattarawa, da na ƙarfi irin na guguwa da aman wuta da teku mai tafasa, sannan ya ce a hakika kwarjinin ba a jikin dutse ko teku yake ba, yana cikin zuciyar mai kallo ne, wanda ke gane cewa ko da yake jikinsa ba komai ba ne a gaban waɗannan abubuwa, hankalinsa da sanin ya kamata da ke cikinsa sun fi ƙarfinsu. Daga nan sai ya ƙara wani sharaɗi da Burke bai sa ba: wanda ba a tarbiyyantar da tunaninsa ba, abin da masu wayewa ke kira kwarjini firgici kawai zai zame masa. Ya kafa hujja da labarin da masanin duwatsu Horace-Bénédict de Saussure, wanda ya hau ƙololuwar Mont Blanc a 1787, ya bayar na wani manomin yankin Savoy da ke kiran duk masu sha'awar duwatsun ƙanƙara wawaye. Adalci ya sa a ce Kant ya nace cewa tushen wannan ji yana cikin halittar kowane mutum, tarbiyya raya shi kawai take yi. Adalci kuma ya sa a ce manomin yana da tasa hujjar, domin shi a gindin dutsen yake kwana da dabbobinsa, kuma nisan nan daga haɗari da Burke ya gindaya, baƙo mai jagora da masauki ne ke da shi.

Juyin juya halin Faransa ya yanke maganar ta hanyar siyasa. Ranar 10 ga Agustan 1793, shekara guda cif da kifar da sarauta, kusan wata bakwai kuma bayan fille kan Sarki Louis na 16, aka buɗe fadar Louvre a matsayin gidan zane na al'umma da zane 537, galibinsu na gidan sarauta da na coci-cocin da aka ƙwace wa dukiya. Abin da ya canza a nan shi ne mallaka, domin a Viyana da Florence mai mulki ne ke yi wa talakawansa alfarma, a Faris kuwa an ce wa mai kallo kayansa ne yake kallo. Duk da haka rabon ranaku ya nuna wa aka fi so: a sabon makon juyin juya hali mai kwana goma, kwana uku kaɗai aka ware wa jama'a, sauran na masu zane ne da masu shara. Burke kuwa, wanda falsafarsa ta ƙuruciya ta daidaita sarki da bara a gaban kwarjini, shi ne ya zama babban abokin gabar juyin, har a littafinsa na 1790 ya kwatanta gungun talakawa da aladu.

Yadda aka cika gidan ma abin dubawa ne. Yarjejeniyar Tolentino ta 1797 ta tilasta wa Fafaroma miƙa wa Napoleon Bonaparte manyan ayyukan fasaha, aka kwaso mutum-mutumin Laocoön da na Apollo daga Rum, aka kuma ƙwace dawakan tagulla huɗu daga cocin San Marco na Venis, aka zaga da su titunan Faris a Yulin 1798 kamar ganimar yaƙi, wadda kuma ita ce. Masanin fasaha Quatremère de Quincy ya riga ya yi kashedi tun 1796 cewa raba aiki da wurin da aka yi shi dominsa rage masa rai ne, amma ba a saurare shi ba. Damar da talakan Faris ya samu, daga hannun talakan Italiya aka fizgo ta. Bayan faɗuwar Napoleon a 1815 an mayar da kaya masu yawa, sai dai katafaren zanen Veronese na bikin aure a Kana, wanda aka ɓamɓaro daga ɗakin cin abincin wani gidan ibada a Venis, yana Louvre har yau.

A ƙasashen Jamus tunanin kwarjini ya shiga cikin ginin gidan zane da kansa. Marubuci Goethe, da yake tuna ziyararsa ta farko zuwa zauren zane na Dresden a 1768, ya kwatanta abin da ya ji da shiga ɗakin ibada, kuma lokacin da Karl Friedrich Schinkel ya gina gidan zane na Barlin da aka buɗe a 1830, ya sa ginshiƙai 18 a gaba da wani zagayayyen zaure mai ƙubba a tsakiya, domin mai shiga ya natsu tukuna kafin ya ga ko da zane ɗaya. Ma'anar wannan ita ce an yarda kowa ya shigo, amma ginin ne zai koya masa rage murya. Cewa jama'a ba sa rage muryar ya riga ya bayyana tun a 1810, lokacin da aka nuna zanen Caspar David Friedrich na wani mai ibada tsaye shi kaɗai a bakin teku, ɗan ƙanƙani a ƙarƙashin sararin da ya cinye mafi yawan allon, babu itace ko jirgin da ido zai huta a kansa. Clemens Brentano da Achim von Arnim sun rubuta sharhi mai cike da shaguɓe kan shirmen da 'yan kallo ke faɗa a gaban zanen, kafin Heinrich von Kleist ya datse shi ya buga a jaridarsa. Zanen kaɗaici ne, amma a cikin cunkoso aka gan shi, kuma mutanen da marubutan ke wa dariya masu tufafi ne na birni, ba leburori ba.

Yayin da masana ke gardama kan ko talaka zai iya jin kwarjini, 'yan kasuwa sun riga sun fara sayar masa da shi. A 1787 Robert Barker ya yi rajistar wata dabara da aka sa wa suna fanorama, wato zane guda da ke kewaye mai kallo ta kowace fuska, kuma a 1793, shekarar da aka buɗe Louvre, ya buɗe zagayayyen gini mai faɗin ƙafa 90 a dandalin Leicester na Landan. Mai shiga yakan bi ta wani lungu mai duhu domin idonsa ya manta hasken titi, ya hau matakala, ya ɓullo a kan wani dandamali a tsakiya, inda rumfa ta ɓoye masa saman zanen da tagogin da haske ke saukowa ta cikinsu, shinge kuma ya hana shi matsawa kusa, ta yadda ba ya ganin gefe ko iyaka da zai tuna masa cewa fenti ne a kan ƙyalle. Duhu da faɗi da rashin iyaka, duk abin da Burke ya lissafa, an harhaɗa su da katako da gilashi. An ruwaito cewa Sarauniya Charlotte ta Birtaniya, da aka nuna mata rundunar jiragen ruwa a haka, sai da ta ji jiri irin na matafiyin teku. Ƙarfin wannan sana'a ya fito a labarin zanen Théodore Géricault na mutanen jirgin Méduse, wanda ya kife a gaɓar Muritaniya a 1816 a kan hanyarsa ta zuwa Senegal, aka bar mutum kusan 150 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, 15 kaɗai aka samu da rai bayan kwana 13. Zanen ya ja mutum kusan 40,000 a Landan a 1820, amma da aka kai shi Dublin a shekarar da ta biyo baya, sai ya tarar da wata fanorama mai motsi da kiɗa tana nuna wannan masifar, ta kuwa ƙwace masa kasuwa.

Babu wanda ya fahimci wannan kasuwa kamar John Martin, ɗan talakawa daga arewacin Ingila, wanda ya fara da koyon fentin kekunan doki a Newcastle sannan ya yi zane a kan gilashi da tangaran a Landan. A 1821 ya nuna zanen walimar Belshazzar, sarkin Babila da rubutu ya bayyana a bangon fadarsa yana sanar da ƙarshen mulkinsa kamar yadda littafin Daniyel ya kawo, da ginshiƙai jere har inda ido ya gaza da ɗaruruwan mutane ƙanana suna gudu, jama'a suka yi ta turereniya har sai da aka kafa shinge a gabansa. Hotunan ɗab'i na ayyukansa sun shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Ingila da wajenta. Manyan masu sharhi kuwa sun ce hayaniya ce da dabarun gidan wasa, kuma Makarantar Zane ta Sarki ba ta taɓa zaɓensa cikin 'ya'yanta ba, alhali J. M. W. Turner, ɗan wanzamin Landan da ya zana guguwar ƙanƙara da teku mai hauka, ta karɓe shi tun yana saurayi. Akwai bambanci na gaske tsakanin gwanintar mutanen biyu, amma da wuya a karanta sukar da aka yi wa Martin ba tare da an ji cewa wani ɓangare na laifinsa shi ne irin mutanen da ke son aikinsa ba.

Gwamnatin Birtaniya ta makara wajen kafa gidan zane na ƙasa. Sai a 1824 ta sayi zane 38 na attajiri John Julius Angerstein a kan fam 57,000, kuma a 1838 aka koma sabon gini a dandalin Trafalgar, wurin da aka zaɓa domin masu kuɗin yammacin birni su zo a keken doki, talakawan gabas kuma su iso a ƙafa. Ɗan siyasa Robert Peel ya faɗa wa Majalisa a 1832 cewa gidan zai ƙarfafa zumunci tsakanin masu arziki da marasa shi, magana ce kuwa ta shekarar da ƙasar ke cikin rikicin gyaran dokar zaɓe. Babu tikiti, babu kuɗi, kuma talakawan sun zo, sai dai ba yadda aka zata ba. A 1850 mai kula da gidan, Thomas Uwins, ya shaida wa wani kwamitin Majalisa cewa ya tarar da wasu da suka yi kama da mutanen karkara sun jawo kujeru sun zauna sun buɗe kwandon nama da abin sha, kuma da ya nuna musu rashin dacewar haka sai suka karɓi maganar da fara'a, wata mata ma ta miƙa masa kofin barasa. An kuma yi ƙorafin masu shigowa fakewa daga ruwan sama da iyaye masu sakin yara suna wasa, aka sa masana, ciki har da Michael Faraday, su duba illar hayaƙi da ƙura da numfashin taro ga zane-zanen, suka ba da shawarar a rufe su da gilashi. An daɗe ana neman a ɗauke gidan zuwa bayan gari inda iska ta fi tsabta, jama'a kuma suka fi ƙaranci, amma a ƙarshe an bar shi inda yake.

Abin da ya rage shi ne lokaci, domin ƙofar da ke buɗe a sa'o'in aiki kaɗai rufaffiya ce ga ma'aikaci. Henry Cole ya gane haka, shi ya sa gidan South Kensington da ya buɗe a 1857 ya sa fitilun gas ya riƙa karɓar mutane da dare, yana mai fatan gidan zai janye ma'aikata daga mashaya. A wannan shekarar birnin Manchester ya tara ayyukan fasaha kusan 16,000, yawancinsu aro daga gidajen masu dukiya, mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu 300 suka gani cikin wata biyar, wasu masu masana'antu ma suka yi hayar jiragen ƙasa suka kai ma'aikatansu. Ranar Lahadi, wadda ita kaɗai ce hutun lebura, masu kishin addini sun tsare ta har 1896 kafin gidajen gwamnati na Landan su fara buɗewa a cikinta. A Amurka kuwa hanyar 'yan kasuwa ce ta fara yin ƙarfi: a 1859 Frederic Church ya nuna zanensa na tsaunukan Andes a New York cikin ɗaki mai duhu da labule, aka shawarci mutane su zo da madubin hangen nesa, fiye da 12,000 suka biya santi 25 kowanne cikin mako uku.

Martin ya mutu a 1854, ya bar manyan zane uku kan tashin Alƙiyama, ɗayansu na nuna duwatsu suna kifewa da birane a kansu cikin jan haske. An shafe fiye da shekara 20 ana yawo da su gari-gari a Birtaniya, ana nuna su a zaurukan taro da fitilar gas, aka kai su New York, aka kai su Ostireliya. Da yayi ya wuce darajarsu ta faɗi warwas, a 1935 aka sayar da su a kan kimanin fam bakwai, aka yanyanka ɗaya gida huɗu domin a yi makarin ɗaki da shi. Gidan zane na Tate ya sayi ɗaya a 1945, sauran biyun suka iso masa ta hanyar wasiyya a 1974, kuma a 2011 ya nuna su tare cikin zaure mai duhu da fitilu masu walƙiya da sautin murya, ga waɗanda suka sayi tikiti.